Kujerar da Goggon Jirgi Ta Zaɓa

Ranar da aka zo mata da maganar kujera, Goggon Jirgi tana zaune a ƙofar ɗakinta da la'asar, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma tana shafa wa gwiwoyinta man zafi. Babban ɗanta ne ya yi sallama ya shigo, ko jakar aikinsa bai ajiye ba. Malamin makaranta ne, tun ranar da ya kama aiki kuwa ita ma ta koma kiransa Malam kamar kowa. Ya gaishe ta, ya jawo 'yar kujerar katako ya zauna kusa da ita, ya zaro wayarsa.

"Inna, komai ya kammala. Biza ta fito, Auta ta turo tikiti. Abu ɗaya ya rage, sun ce ki zaɓi kujerar da za ki zauna."

"Yanzu mutum ne yake zaɓa da kansa?"

"Daga nan inda kike zaune ma. Duba ki gani."

Ta goge hannunta a gefen zane, ta karɓi wayar, ta ɗan nisanta ta daga idonta. Zanen cikin jirgi ne, kujeru layi-layi kamar 'yan akwatuna, uku a hagu, huɗu a tsakiya, uku a dama. Ta daɗe tana kallo. Malam ya ɗauka ba ta gane ba ne, sai ya fara nuna mata da yatsa.

"Kin ga nan ne gaba, nan ne baya. Wannan 'yar alamar kuwa banɗaki ne."

Ta ɗago ta dube shi ta ƙasan ido. "Malam, ni za ka nuna wa banɗakin jirgi?"

Ya tuntsire da dariya, ya ce a yi masa afuwa, bakinsa ne ya riga hankalinsa. Gaskiyarta kuwa. Shekara talatin da uku ta yi tana sharar jiragen sama, wata ranar ta shiga jirgi shida kafin a tashi daga aiki. Shi ya sa duk unguwa, yaro da babba, ba wanda ya san ta da wani suna sai Goggon Jirgi. Amma duk shigar nan da fitar nan, ba ta taɓa tashi sama ba ko sau ɗaya. Yanzu ga shi autarta, wadda take aikin nas a wata ƙasa mai nisa, ta kusa haihuwar fari, ta ce ita kam sai Innarta ta zo. Tafiyar awa goma sha ɗaya ce ba sauka.

Tana da shekara ashirin da biyu ta fara aikin. Wata maƙwabciyarsu ce ta ji ana neman mata masu shara a filin jirgi, ta yi mata hanya. Aka ba ta riga shuɗiya, da ɗankwali shuɗi, da safar hannu ta roba, da bokiti mai ɗauke da tsummoki kala uku: na tebur daban, na taga daban, na banɗaki daban, kuma kaiton wadda ta haɗa su. Shugaban aikinsu wani siririn mutum ne da suke kira Agogo a bayan idonsa, don ba ya iya yin magana sai ya duba tsintsiyar hannunsa. Minti talatin da biyar yake ba su. Da fasinjan ƙarshe ya sauka sai su hau su takwas, biyu su kama gaba, biyu su kama baya, sauran su bi layi suna kwashe shara, suna goge tebura, suna naɗe barguna, suna jera ɗamarar kujera ɗaya a kan ɗaya. Agogo yana tsaye a bakin ƙofa yana faɗin, "Saura sha biyu! Saura bakwai!"

A satinta na biyu ne abin da har yanzu ake ba da labarinsa ya faru. An tura ta wanke banɗakin can baya na wani jirgi da za a kai rumfar gyara. Ta duƙufa tana dirza, ba ta ji fitar 'yan'uwanta ba, ba ta ji rufe ƙofa ba. Sai kawai ta ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafarta. Ta fito da gudu, ta ga jirgi babu kowa, ta leƙa taga ta ga gine-gine suna wucewa. Ba ta san mota ce take jan sa ba. Ta ɗauka shi ke nan, ya tashi da ita, za a sauke ta a ƙasar da ba ta san kowa ba, da bokiti a hannu. Ta yi ihu, ta yi salati, ta kira sunan uwarta, ta bubbuga taga har hannunta ya yi zafi. Da jirgin ya tsaya aka buɗe ƙofa, sai ga wani saurayi baƙi mai wushirya tsaye a saman matakala. Shi ne direban motar da take kawo matakalar jirgi. Ya dube ta, hawaye shaɓe-shaɓe, ya cire hularsa ya rusuna.

"Barka da sauka, ranki ya daɗe. Yaya hanya? Yaya mutanen can?"

Wata guda ta yi ba ta amsa gaisuwarsa ba. Kafin shekara ta zagayo sun yi aure.

Mai Matakala, haka ake kiransa, mutum ne mai barkwanci da sanyin hali. A bayan rumfar masu shara akwai wani tsohon jirgi da ya mutu, tayoyinsa sun sace, tsuntsaye sun yi sheƙa a injinsa. A inuwar fiffikensa suke cin abincin rana su biyu, a kwano ɗaya, suna kallon jirage suna tashi. Shi ya koya mata gane su da ƙara tun kafin a hango su. Yakan ce mata, "Ni nake kai mutane bakin ƙofa, ke kike gyara musu wurin zama, amma daga ni har ke ba wanda ya san abin da ke saman gajimare. Wata rana sai mun je mun gani." Ita kuwa ta ce masa ya fara gyara rufin ɗakinsu da yake yoyo tukuna.

Shekara goma sha tara suka yi tare. Ciwo ya kama shi a wata damina, ya kwanta wata uku, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ta da yara huɗu, Auta tana shekara biyar. Ta koma bakin aiki, domin ba yadda za ta yi. Abin da ya fi yi mata wuya a shekarar farko shi ne hawa matakalar nan, ta ga wani ne daban zaune a kujerar direba.

Wadda ta riƙe ta a wannan lokacin ƙawarta ce, abokiyar aikinta, wadda suke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Rediyo ta girme ta da surutu, ita kuwa ta girmi Rediyo da shekara bakwai, shi ya sa take ce mata Yaya. Su biyu suke bin layi ɗaya, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama. Abin da ba su tsinta ba a aljihun kujera, to ba a yi shi ba: tabarau, takalmin jariri ƙafa ɗaya, wasiƙar da aka fara ba a gama ba, har haƙoran roba na wani tsoho a naɗe cikin hankici. Rediyo ta ɗaga su sama ta ce, "Yaya, yau wani bawan Allah zai kwana da kunu." Duk abin da suka tsinta ofis suke kaiwa. Akwai ranar da Goggo ta ciro wani ɗan hoto da ya maƙale a tsakanin kujeru, hoton wani soja, ya tsufa har ya yi ja. Bayan wata biyu Agogo ya kira ta, ya karanta mata wasiƙar wata tsohuwa da ta ce hoton mijinta ne, shi kaɗai gare ta, tana sa wa wadda ta tsinta albarka. Ranar ce kaɗai ta ga Agogo ya yi magana mai tsawo bai duba hannunsa ba.

A gabanta aikin ya yi ta canzawa. Da ta fara, kowace kujera tana da 'yar ma'ajiyar tokar taba a hannunta, sai an bi ɗaya bayan ɗaya an zazzage, warin ya bi mutum har gida. Cokulan ƙarfe ne a lokacin, masu nauyi, da kofunan tangaran. Daga baya aka hana taba, cokula suka koma roba, aka liƙa 'yar talabijin a bayan kowace kujera, ita ma sai an goge mata shatin yatsu. Aka gina doguwar gada mai rufi daga ɗakin jira har bakin jirgi, aka daina amfani da motar matakala sai jefi-jefi. Tsohon kamfaninsu ya rushe, wani ya karɓa, shuɗiyar riga ta koma ruwan toka, minti talatin da biyar ya koma ashirin da biyar. Da gwiwoyinta suka ƙi yarda da durƙuso, ta ajiye aiki. Matan suka haɗa mata filas ɗin shayi da bargo, Rediyo ta yi jawabi har sai da aka ƙwace mata lasifika.

To wannan matar ce Malam yake so ya nuna wa banɗaki.

"Ni dai a ganina," in ji shi, "ki ɗauki nan baya, kusa da banɗakin. Ba sai kin yi doguwar tafiya ba."

"Allah ya kiyaye. Layin ƙarshen nan kujerunsa ba sa kwanciya, bango ne a bayansu. Ga mutane tsaye a kanka suna jiran layi, ga wari. Kuma nan ne jirgi ya fi girgiza."

"Inna, ke da ba ki taɓa tashi ba, ina kika san inda ya fi girgiza?"

"Wa yake kwashe jakunkunan amai? A baya kullum a cike muke samunsu. A saitin fiffike kuwa sai su yi wata ba a taɓa su ba."

Malam ya gyara zama. Ya nuna mata layin farko, wanda ba kujera a gabansa sai bango, ya ce ai nan za ta miƙe ƙafa yadda take so. Ta ce nan ake rataya gadon jarirai, madarar da ta goge a wurin nan ta isa ta cika randa, ita kuwa kukan jariri yana can yana jiranta, ba sai ta fara tun daga hanya ba. Ya nuna na bakin ƙofar gaggawa. Ta ce sanyi ne a wurin, kullum bargo bibbiyu suke tararwa a kan kujerun, kuma ba a ba tsofaffi. Na tsakiya fa? Ta ce ko maƙiyinta ba ta yi masa fatan na tsakiya ba, don duk wanda ya zauna a nan haushinsa a kan aljihun kujera yake hucewa, ya cusa masa duk tarkacen duniya.

Suna cikin haka Auta ta kira. Malam ya buɗe muryar wayar ya ajiye a tsakaninsu. Bayan gaisuwa da tambayar jiki, Auta ta shiga maganarta ta nas.

"Inna, don Allah ta bakin hanya za ki ɗauka. Awa sha ɗaya ba wasa ba ne. Dole duk bayan awa biyu ki tashi ki taka, ki sha ruwa da yawa, in ba haka ba ƙafafunki za su kumbura. Yaya, kar ka bari ta ɗauki ta taga."

"Ta bakin hanya?" in ji Goggo. "Inda keken abinci yake bugun gwiwar hannun mutum? Shayin da ake zubarwa duk a nan yake sauka."

"Inna, gara shayi da kumburi."

Goggo ta ce ta ji, a ba ta kwana biyu ta yi shawara. Malam ya ce kujerun suna ƙarewa fa. Ta ce wadda Allah ya rubuta mata ba mai zama a kanta.

Washegari da hantsi Rediyo ta zo, ranar hutunta ce, don ita har lokacin tana aiki, shekara ɗaya ta rage mata. Tun daga ƙofar gida ake jin muryarta. Ta zauna, ta sha ruwa, ta ba da labarin kowa da kowa a wurin aiki, wadda ta haihu da wadda ta yi faɗa da sabon shugaba, sannan aka zo kan kujera.

"Yaya, kar ki saurari yaran nan. Taga za ki ɗauka, kuma ta hagu. In jirgin safe ya ja baya ya juya, ta gaban rumfarmu yake bi, kin manta? Ta hagu ake ganinta."

"Ban manta ba. Ƙafar ce nake tunani."

"Ƙafar da ta yi shekara talatin da uku tana hawa da sauka, zaman yini ɗaya ne zai kashe ta?"

Goggo ta yi murmushi tana murza bakin tabarma. Can ta ce, "Kin san abin da ya fi ba ni wahalar gogewa? Ba tebur ba ne, ba banɗaki ba ne. Shatin goshin nan ne a jikin taga. Kowane jirgi, kowace taga, sai kin samu maiƙon goshin mutum, wani ma har da na hanci. Manya da yara. In ina gogewa sai in ce, wai me suke kallo haka har suke manna fuska? Shi ma marigayi abin da yake so ya sani ke nan."

Rediyo ta matso kusa. Ta kama hannun ƙawarta ta riƙe.

Da yamma Goggo ta sa Malam ya danna mata layi na goma sha tara, ta taga, ɓangaren hagu, gaba kaɗan da fiffike yadda ba zai tare mata kallo ba. Malam ya ce Auta za ta cinye shi ɗanye. Ta ce ya ce mata Inna ce ta ƙwace wayar.

Ranar tafiya, ƙarfe tara na safe aka kira su. Ta bi doguwar gadar nan a hankali, da sabon takalmi da 'yar jakarta a hannu. A bakin ƙofa wata ma'aikaciyar jirgi ta yi mata murmushi, ta karɓi takardarta za ta nuna mata hanya, Goggo ta ce, "Na gode 'yata, na san wurin." Ƙamshin maganin da ake fesawa bayan shara ya daki hancinta, shi ne dai bai canza ba. Sai ta ji hannunta yana neman bokiti.

Da ta iso layi na goma sha tara ta tsaya. An jera ɗamarar kujerarta, an lanƙwasa bakinta ciki, irin lanƙwasar da Rediyo ce kawai take yi a duk filin jirgin. Bargo biyu ne a kan kujerar maimakon ɗaya. Ta zauna, ta sa hannu a aljihun gabanta, sai ta ciro 'yar kwalbar man zafi da alewa guda biyar a ƙulle cikin leda. Tagar kuwa an goge ta tas, har tana ƙyalli.

Wata mata ta zo ta zauna a ta tsakiya, kakkaura mai zoben azurfa, ta ce ita 'yar kasuwa ce, sarin yadi take zuwa yi, wannan tafiyarta ta ashirin da wani abu ke nan. A ta bakin hanya wani dogon mutum ne da ko gaisuwa bai gama ba ya toshe kunnuwansa ya rufe ido.

Jirgi ya ja baya, ya juya. Goggo ta matsa jikin taga. Ga rumfar gyara, ga tankunan mai, ga motocin kaya. Sai ga rumfar masu shara, da sabon fenti amma ita ce dai. A gabanta mata takwas ne a jere cikin riga ruwan toka, suna ɗaga safar hannu ta roba suna kaɗawa. Rediyo ce a tsakiya, ta ɗaga tsumma sama, bakinta a buɗe, ko ba a ji ba an san magana take yi. Goggo ta ɗaga hannu tana kaɗawa, ba ta sani ba ko suna ganinta. Tsohon jirgin da suke cin abinci a inuwarsa babu shi, an share wurin an zuba kwalta. Amma can jikin shinge ta hango motar matakala guda ɗaya a ajiye, ta yi tsatsa, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Ta bi ta da kallo har ta ɓace.

"Mama, lafiya?" in ji mai yadi, ta miƙo mata hankici. "Tsoro ne? Ba komai wallahi, yanzu za ki saba."

"Ba tsoro ba ne, 'yar nan. Wurin aikina ne."

Injin ya ɗauki ƙara, irin ƙarar da ta sani daga waje, yau ga ta a cikinta. Kujera ta manne da bayanta. Ta ji ƙasa ta sake su. Gari ya koma ƙanƙane, tituna kamar zare, motoci kamar tururuwa. Ta nemi unguwarsu ba ta gane ta ba. Sai hazo fari ya rufe komai, har ta fara cewa ashe ba abin gani, sai suka ɓullo ta sama. Rana tarwai, sama shuɗiya fes, gajimare shimfiɗe a ƙasa kamar an baza auduga iya ganin ido. Ta ce, "Ikon Allah." Ta sake cewa, "Ikon Allah." Ba ta san lokacin da goshinta ya taɓa gilashin ba.

Ta ga kogi yana lanƙwasa kamar an yar da igiya. Ta ga duwatsu, ta ga wata ƙasa ja wadda ba gida ba bishiya har tsawon awa biyu, ta ga teku da jirgin ruwa ɗaya tak a tsakiyarsa. 'Yar talabijin ɗin gabanta ko kunna ta ba ta yi ba. Da aka shiga iska jirgi ya ɗan yi rawa, ta ji ana salati daga can baya, ita kuwa ruwan kofinta ko zuba bai yi ba. Ta ce a ranta, ashe jakunkunan nan ba su yi mata ƙarya ba.

Amma maganar Auta ma ba ta faɗi ƙasa ba. Wajen awa ta biyar fitsari ya matsa mata. Ta dubi mai yadi, tana barci. Ta dubi dogon mutumin, ya miƙe ƙafafu ya tare hanya, har da minshari. Kunya ta hana ta tashin su. Aka zo da shayi ta ce ta ƙoshi, aka zo da ruwa ta ce ta gode. Gwiwoyinta suka fara zugi, ta shafa man da Rediyo ta bar mata, warinsa ya tashi mai yadi.

"Mama, tun da muka taso kin tashi kuwa?"

"Ban so in dame ku ba ne."

"Haba Mama! Ai sai ki kashe kanki." Ta juya ta girgiza kafaɗar dogon. "Bawan Allah, tashi, uwarmu za ta wuce."

Ya miƙe firgigit yana ba da haƙuri, har ya kama mata hannu. Daga nan duk bayan awa biyu mai yadi take tashinsa, ko Goggo ta ce ba ta bukata, su taka tare har baya su dawo. A hanya Goggo ta ba ta labarin ranar da aka ja jirgi da ita a ciki, matar ta yi dariya har da riƙe ciki. Kafin a sauka sun raba alewar nan su uku.

Duk da haka, da suka isa, ƙafafunta sun yi suntum, sabon takalmin ya ƙi shiga. Haka ta fito da shi a hannu, tana takawa da safa. Surukinta ne ya fara hango ta, Auta tana bayansa da ƙaton ciki. Auta ta rungume ta tana kuka, sai idonta ya sauka a kan ƙafafun.

"Inna! Ta taga kika zauna ko?"

"Ta taga na zauna."

"Ai na faɗa miki!"

"Kin faɗa, kuma gaskiyarki. Amma ƙafa za ta saɓe. Kawo hannunki in dafa."

Kwana uku ƙafar ta yi kafin ta koma daidai. Bayan sati biyu Auta ta sauka lafiya, aka samu mace. Goggo ta yi wata huɗu a can tana wanka da goyo da faɗa da surukinta a kan yawan kunna na'urar sanyaya ɗaki. Da za ta dawo, da bakinta ta ce a ɗaukar mata ta bakin hanya, a saitin fiffike. Ta sha ruwa, ta taka, keken abinci ya buge mata gwiwar hannu sau biyu, ta iso gida da takalminta a ƙafa.

Tun daga nan ta samu sabon aiki a unguwa, wanda ba albashi. Duk wanda zai yi doguwar tafiya sai ya zo da wayarsa ya zauna a bakin tabarmarta. Tambayarta ta farko ita ce, "Ka taɓa tashi?" In an taɓa, sai ta duba tsawon mutum da shekarunsa da yawan shan shayinsa, ta zaɓa masa. In ba a taɓa ba, to ba wata shawara, taga ce.

Tsohon telan bakin layinsu ma ya zo, lokacin da ɗansa ya aiko masa ya je ya ga jikoki. Ta ɓata yamma guda a kansa, ta zaɓa masa taga mai kyau, ta ɓangaren da rana ba za ta dame shi ba, ta ce ya lura da kogin, ya lura da jar ƙasar nan. Bayan wata biyu ya dawo, ya zo gaishe ta da tsarabar turare.

"To, me ka gani?" ta tambaye shi tun kafin ya gama zama.

Tela ya sosa ƙeya. "Wallahi Goggo, kujerar ta yi daɗi ƙwarai. Ina jingina kaina da bango sai barci. Ban farka ba sai da aka ce mun iso."

Ta karɓi turaren, ta yi godiya. Amma sati guda ɗinkinta wajen wani telan ta kai.